LIKITA TA MIƘA FARAR TAKARDA

Shafi na 14

Masu yi mini ƙorafi cewa na bar ku tsaye a bakin get kwana uku, na ji, ku yafe mini. Wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Ku gyara zama. Mun tsaya inda aka bugo wa Mai Walda waya daga makarantar 'yarsa, yarinyar nan da gida da unguwa kowa ke kira Likita saboda ƙwaƙwalwarta, aka ce ya zo da kansa, kada ya aiko kowa.

*

Sau huɗu ana kiran Mai Walda makarantar nan, sau huɗun kuma kyauta ya je ya taya 'yarsa karɓa. Shi ya sa yau ma bai kawo komai a ransa ba. Ya rufe shago tun ƙarfe goma, ya cuɗa hannuwansa da sabulu har sau uku ko baƙin ƙarfe zai fita daga faratansa, ya sa farar rigarsa ta zuwa taro, har da fesa turare.

Da ya kafe babur ya nufi ofishin shugaban makaranta kamar yadda ya saba, sai maigadi ya tare shi.

"Ba can ba ne, Malam. Bayan ɗakin gwaje-gwaje aka ce, ƙofar ƙarshe."

"Can ake ba da kyautar bana?"

Maigadi ya dube shi, ya kau da kai.

"Je ka dai."

Ɗakin ɗan ƙarami ne, da gani tsohon sito ne aka share. Karyayyun bencina jibge a kusurwa har kusa da rufi, tebur ɗaya, kujerun roba uku, da fankar da ba ta juyawa. A jikin ƙofa an manna kwali an rubuta da manyan baƙaƙe: ƊAKIN SAURARO. Ya karanta sau biyu bai gane abin da ake saurare ba.

Wata siririyar malama mai tabarau ce ta amsa sallamarsa, alli duk ya ɓata mata hannun riga.

"Sannu da zuwa. Wa ake nema?"

Ya faɗi cikakken sunan yarinyar na takarda da ajinta, ya ƙara da murmushi, "Mu dai Likita muke ce mata. Ni ne mahaifinta."

Malama ta tsaya da biro a hannu. Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi fayil ɗin da ke gabanta, ta sake dubansa.

"Kai ne mahaifinta?"

"Ni ne."

"Wanda ya haife ta?"

Ya yi 'yar dariya. "Sai dai in an sauya ban sani ba."

Ita ba ta yi dariyar ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Zauna, Malam. Don Allah zauna. Ni ma kaina ya ɗaure."

Ya zauna a bakin kujera.

"Lafiya dai ko?"

"Mahaifinta ai ya zo," in ji Malama a hankali. "Sau uku ma. Nan ya zauna, kan kujerar da kake kai."

Mai Walda ya dubi kujerar kamar ita za ta yi masa bayani.

"Ni? Rabona da shigowa cikin makarantar nan tun bara."

"Ba kai ba ne. Wancan ya fi ka tsawo, bai kai ka jiki ba, magana ma da ƙyar take fita daga bakinsa."

"To ai kun ruɗe ne. Wata yarinyar kuke nufi. Tawa ita ce ke zuwa ta ɗaya, dogu—"

"Ita ce, Malam. Ni ce mai ba ɗalibai shawara a nan, wata biyu ke nan tana zuwa wurina. Duk takardar gayyata da na rubuta wa iyayenta ita nake ba wa ta kai gida. Wannan karon ofishin jarrabawa ne suka buga lambar da ke cikin rajista, shi ya sa ka ji."

Wata biyu. Ya shiga lissafa safiyoyin da ya sauke ta a bakin get, tana gyara jaka tana cewa sai an tashi, Baba. Bai ga komai ba. Ko ciwon kai ba ta ce tana yi ba.

Malama ta zaro takardu uku daga fayil ta jera masa a tebur.

"Na jarrabawar gwaji ne, wadda ake yi kafin babbar. Lissafi, bayoloji, kemistiri."

Ya ɗauki ta farko. Ga sunanta a sama da kyakkyawan rubutun nan nata, ga lambarta. Ƙasa fari fat. Ya juya bayan takardar yana neman amsoshin, can ma babu. Ya ɗauki ta biyu, ya ɗaga ta saitin taga ko biron ne bai kama ba. Ta uku ce kawai ke da layi biyu, daga nan rubutun ya karkace ya gangara ƙasa, har bakin biro ya huda takardar.

"An musanya mata," ya ce. "Wallahi an musanya. Akwai masu jin haushinta a ajin nan, ta sha gaya mini. Wani ya ɗauke nata ya sa wannan."

"Ta biyun a gabana ta yi. Ni na tsare ajin."

"To me ya hana ta rubutu? Yarinyar da take karanta mini abin nan da ka, ina tuƙi tana zuba?"

"Ta sani, Malam. Duk ta sani. Da na zaunar da ita a nan bayan an tashi, na yi mata tambayoyin da baki, babu wadda ta faɗi. Amma a cikin aji, minti goma da farawa hannunta ya kama rawa. Gumi ya jiƙa ta sharkaf. Numfashi ya ƙi shiga. Ta ce ji take kamar an ɗora mata dutse a ƙirji, kamar a wurin za ta mutu."

"Asma ce ke nan."

"An duba ta a ɗakin shan magani, ƙirjinta lafiya lau."

"Zazzaɓi?"

"Babu."

"Ko yunwa? Wani lokacin ba ta karyawa."

"Ba yunwa ba ce."

"To ciwon mene ne, Malama? Ki faɗa mini sunansa in je in nemo magani yanzun nan."

"Damuwa ce. Fargaba mai tsanani, irin wadda take kama jiki gaba ɗaya."

Mai Walda ya zuba mata ido. Ya jira ta ƙarasa, ya ga ashe ta gama.

"Damuwa? 'Yar shekara sha bakwai? Gida take riƙewa ko 'ya'ya take ciyarwa? Malama, ko wanke-wanke na hana a sa ta. In tana karatu ƙannenta ko tari ba sa yi. Ni da kaina na ƙera mata teburin karatu, na sa mata fitila mai caji. Me ta nema ta rasa?"

"Ta gaya mini duk wannan."

"To?"

"Ta ce duk lokacin da ta ga teburin nan sai cikinta ya murɗa."

Maganar ta shiga kunnensa amma ta ƙi zama. Tebur ne fa. Ƙarfe da katako. Kwana biyu ya yi yana goge gefensa don kada ya yanke ta.

"Ko dai saurayi ne?" ya ce can. "Ki gaya mini gaskiya, zan iya ɗauka. Ko wayar nan ce?"

"Babu saurayi. Kuma abin da na gaya maka shi ne iya abin da ta yarda in faɗa wa mahaifinta. Sauran ita za ta faɗa da bakinta in ta shirya."

"Wane mahaifin? Ni ko wancan?"

Malama ta sunkuyar da kai. Ta janyo littafin da baƙi ke sa hannu, ta buɗe, ta tura masa.

"Ga sa hannunsa. Laifina ne, ban nemi katin shaida ba. Yarinya ta shigo da mutum ta ce ga babana, suna kama, sunan ƙarshe ɗaya..."

Mai Walda ya duba. Ƙananan baƙaƙe ne, a kwance zuwa hagu, a matse kamar masu jin sanyi. Bai buƙaci dubawa sau biyu ba. Shi ya koya wa mai rubutun nan riƙe fensir.

Ya rufe littafin.

"Yau wace rana?" in ji Malama, ta dubi agogo, ta miƙe zumbur. "Laraba! Ai duk zuwansa ranar Laraba ne, a irin wannan lokacin..."

Ba ta rufe baki ba aka yi sallama a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

Auta ne. Ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, tela a can ƙarshen gari, wanda in ba wani babban dalili ba sai su yi wata shida ba su haɗu ba. Tef ɗin awo na rataye a wuyansa, da alama daga kan keken ɗinki ya taso. Yana ganin wanda ke zaune ya ja da baya, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje.

"Yaya."

"Shigo mana, baban Likita," in ji Mai Walda. "Shigo ka gabatar mini da kanka."

Auta ya shigo ya tsaya jikin bango, idonsa a ƙasa.

"Ina kwana, Yaya."

"Riƙe gaisuwarka. Na mutu ne?"

"A'a."

"Na haukace?"

"A'a, Yaya."

"To da wane dalili za ka zo makarantar 'yata ka ce kai ne ni? Sau uku! Ka zauna ana gaya maka sirrin gidana, ni ina can ina shaƙar hayaƙin walda kamar wawa?"

"Malam, a hankali," in ji Malama. "Akwai aji a bayan bangon nan."

"Ita ta zo shagona," in ji Auta. "Da kayan makaranta, da tsakar rana. Ta zauna kan buhun ƙyallaye tana kuka, ta kasa magana. Da na ga yadda take jan numfashi sai na gane."

"Ka gane me? Kai likita ne?"

"Na gane, Yaya."

"Me ya sa ba ka bugo mini ba?"

"Ta roƙe ni."

"Yarinya ta roƙe ka sai ka bi? Me zan yi mata in na ji? Cinye ta zan yi?"

Auta ya ɗago kai a karon farko. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ta ce tana tsoron ka yi mata abin da ka yi mini."

Daga can nesa ana jin wani aji suna maimaita karatu da ƙarfi.

"Me na yi maka?" Muryar Mai Walda ta sauka. "Bayan Baba ya rasu wa ya riƙe ka? Wa ya sa ka a makarantar nan? Kai ka daina shiga aji, kana laɓe-laɓe, shekarar ƙarshe guda. Lalaci ka sa wa kanka."

"Ba lalaci ba ne."

"To mene ne?"

"Abin da ke cikin fayil ɗin nan ne." Auta ya nuna tebur da haɓa. "Ni lokacin babu ɗakin nan, babu Malama. Ban san sunansa ba. In na shiga aji sai in ji bango na matsowa. Na gaya maka ƙirjina, ka ce ƙarya nake. Ka ciro ni, ka zane ni da bel a gaban 'yan ajinmu, ka ce makaranta ta ƙare. Shekara ashirin da biyu ke nan, Yaya, har yau in na ji ƙararrawar makaranta sai tafin hannuna ya jiƙe. Duba."

Ya miƙo hannu. A jiƙe yake.

Mai Walda ya kalli hannun, ya kalli Malama, ya kalli takardu ukun. Shi fa abin da ya sani shi ne ya ceci yaron nan daga lalacewa. Haka ya gaya wa kowa, haka ya gaya wa kansa. Har alfahari yake da shi: da ban tsaya a kansa ba da yanzu ba tela ba ne. Yanzu ga Auta tsaye yana ba da labarin ranar, rana ɗaya, bel ɗaya, amma kamar ba ita ba.

"Ni ban gane ba," ya ce. "Wallahi ban gane ba. Ciwon da ba zazzaɓi, ba rauni, ba a gani a gwaji. Ta yaya mutum zai sani?"

"Da yawa ba sa sani," in ji Malama. Ta koma ta zauna, gajiya ta fito a fuskarta. "Ni kaina ba likita ba ce, Malam. Labarin ƙasa nake koyarwa. Horon mako biyu aka ba ni, aka miƙa mini makullin ɗakin nan da ɗalibai ɗari tara. Abin da na iya shi ne in saurara, in koya musu yadda za su ja numfashi, in gane wanda lamarinsa ya fi ƙarfina. Nata ya fara fin ƙarfina. Ba ta barci, ta rame, ko ba ka lura ba?"

Ya lura. Ya ɗauka tsawo take yi.

"Ina so a kai ta asibiti, ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa."

"Ƙwaƙwalwa?" Ya zabura. "'Yata ba mahaukaciya ba ce!"

"Ban ce ba. Kuma ba ita ba ce. Wanda ya je a duba masa ido ba makaho ba ne. Abin nan ana magance shi, yara da yawa sun warke sun koma aji. Sai dai takardar tura ta can tana buƙatar sa hannun uba, kuma sau biyu ina miƙa wa wannan bawan Allah yana cewa sai ya yi shawara. Ashe dalilin ke nan."

"Wannan ba hurumina ba ne," in ji Auta. "Zama da ita zan iya. Sa hannu naka ne, Yaya."

"Saura mako shida babbar jarrabawa," in ji Mai Walda, kamar da kansa yake magana. "In aka kai ta asibiti, jarrabawar fa?"

"Wataƙila ta rubuta, wataƙila sai baɗi."

"Baɗi..."

Ya tuna abokan sana'arsa da ke tambayarsa kullum yaushe Likita za ta fara yi musu allura. Ya tuna shi ya fara kiranta da sunan, ranar da ta ɗaure masa yatsa da tsumma tana 'yar shekara biyar. Wasa ne fa. Yaushe wasan ya zama dutse?

Ya shafa fuska da tafukansa biyu.

"A kira mini ita."

"Za ka yi mata faɗa?" in ji Malama.

"Ban sani ba. Ban san abin da zan yi ba. A kira ta dai in gan ta."

Malama ta dubi Auta, ta fita da kanta. 'Yan'uwan biyu suka rage, babu mai kallon wani. Mai Walda ya so ya ce wani abu, ya lalubi bakinsa bai sami komai ba sai, "Aiki fa?"

"Da godiya," in ji Auta.

Minti biyar ba ta cika ba Malama ta dawo da sauri, mayafinta ya zame.

"Ba ta aji. Jakarta na nan, takalminta ɗaya ma na ƙarƙashin benci. Malamar ajin ta ce tana hango babur ɗinka ta taga ta tashi ta fita a guje. Maigadi ya rantse ba ta bi ta get ba."

Mai Walda ya miƙe har kujera ta kife.

"Ina za ta je? Bayi? Kun duba bayi? A kira mamanta! A'a, kada a kira ta tukuna. Auta, ina za ta?"

"Ka san wurin, Yaya."

"Ni?"

"Can ka ciro ni."

Suka bi ta bayan azuzuwa, Auta a gaba. Ƙarƙashin matakalar tsohon bene akwai wani lungu da ake tara tsintsiya da fasassun bokitai. Duhu-duhu, ƙura, yanar gizo-gizo. Tana can ciki a takure, gwiwa a ƙirji, ƙafa ɗaya babu takalmi, tana jan numfashi guntu-guntu kamar wadda aka tsamo daga ruwa.

Mai Walda ya yunƙura zai janyo ta. Auta ya riƙe masa hannu.

"Kada ka taɓa ta. Kada ka yi tambaya. Zauna kawai."

"A ƙasa?"

"A ƙasa."

Ya durƙusa, ya rarrafa ya shiga, kansa na gugar siminti. Ya zauna gefenta. Daga waje Malama na ƙirga mata a hankali, ja ɗaya, biyu, uku, huɗu, saki. Bai san me zai yi da hannuwansa ba, sai ya ɗora su a gwiwa. Bai san tsawon lokacin da suka ɗauka ba. A hankali kafaɗunta suka daina tsalle.

"Baba."

"Na'am, 'yata."

"Ka ga takardun?"

"Na gani."

"Ka yi haƙuri."

"Bar wannan. Bar shi." Ya matso kusa da ita. "Ni dai ban gane abin ba ne. Ki yi mini bayani yadda zan gane. Yaya yake yi miki?"

Ta juyo ta dube shi, ido cikin ido, abin da ba ta saba ba.

"Ka sani ai, Baba."

"Ina zan sani?"

"Ran Asabar ɗin da na kai maka abinci shago. Ba ka gaba, na zagaya baya. Na same ka tsugune bayan janareta, ka riƙe ƙirji, gumi na zuba, kana jan numfashi irin nawa. Na laɓe har ka tashi ka wanke fuska, sannan na yi sallama."

Mai Walda ya ji kamar ƙasa ta juya da shi. Ko matarsa ba ta sani ba. Shekara da shekaru yana ce wa kansa hayaƙi ne, zafin rana ne, gajiya ce.

"Karo na uku ke nan ina ganinka," ta ce. "Ni ina da Malama, ina da Baba Ƙarami. Kai wa kake gaya wa?"

Ya ɗago kai. Malama ta daina ƙirga. Auta ya sunkuyo bakin lungun, ya dafa matakala, bakinsa a buɗe.

"Yaya... kai ma?"